Ranar da Mani Ya Zauna

A shekarun da kuɗin mai ya buɗe, lokacin da kowane malamin makaranta ya sayi babur ko ya iya hawa ko bai iya ba, gwamnati ta ɗauki Zulaihatu aiki a ɗakin shan magani na Daudawa. A takarda sunan aikinta mai taimako. A bakin mutanen gari kuwa uwar marasa ƙashi ce, domin yaran da aka danƙa mata su ne waɗanda wuyansu ya ƙi tsayawa, waɗanda suka shekara biyu, uku, babu zama babu rarrafe, balle a yi zancen magana.

Mijinta ya rasu ya bar ta babu ɗa babu jika, shekarunta sun doshi arba'in, karatunta kuma bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba. Amma hannu gare ta. Sista Asma'u, wadda Landirova ke kawowa daga Funtuwa duk Alhamis biyu, ita ta koya mata yadda ake murza gaɓoɓi da man gyaɗa, a miƙe ƙafa a lanƙwashe, a juya yaro ruf da ciki. Ramin da ta haƙa a inuwar baranda, ta shimfiɗe shi da tsummoki tana zaunar da yara a ciki, wannan kam ba Sista ce ta koya mata ba, a wurin kakarta ta gani.

Yara biyar ake kawo mata. Huɗu suna kuka, suna fitsari, suna cizo, kamar 'ya'yan kowa. Na biyar ɗin shi ne Mani.

Mani ya shekara uku da 'yan watanni. Kansa ya fi ƙarfin wuyansa, idanunsa manya ne kuma ba kasafai yake ƙifta su ba. Inda aka kwantar da shi nan za a dawo a tarar da shi. Ba ya kuka, ko allura aka yi masa. Uwarsa Mero, yarinya mai sanyin murya da ke ɗauke da ciki na biyu, ita ke goyo shi kullum daga ƙauyensu na bayan gonakin auduga, ta sauke shi, ta koma gefe ta zauna tana tsinkar zaren tabarma.

Babu abin da Zulaihatu ba ta gwada ba. Ta kaɗa masa gwangwani da tsakuwa a ciki, bai waiga ba. Ta sa masa alewa dab da hanci, ko motsi. Sai wata hantsi ta ɗauko tasa cike da ruwa za ta wanke hannu, rana ta faɗa cikin tasar, haske ya tashi yana rawa a jikin bango. Idon Mani ya bi shi. Ta dire tasar kusa da shi, sai ga yatsunsa suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ranar har guɗa ta yi, mai ba da magani ya leƙo yana tambaya wa ya haihu.

Daga nan aiki ya samu hanya. Yau ta ajiye tasar taki ɗaya daga gabansa, wani mako taki biyu. Mani ya koyi kafa gwiwar hannu, ya koyi jan ciki, ƙafafu na biye da shi a baya. Cikin wata huɗu yana ratsa barandar tun daga wannan bango har wancan, in dai ruwa na jiransa. In ya isa sai ya tsoma hannu, ya saki wani sauti daga can cikin ƙirji, irin na tulu in ruwa na shigarsa. Shi ke nan muryar da aka san shi da ita.

Sauran iyaye mata ba su ga abin guɗa ba. Da ya fara jan ciki sai su janye 'ya'yansu daga hanya, su tofa a cikin riga. Ita ma Zulaihatu, gaskiya ɗaya ce, akwai ranakun da sautin nan ke tayar mata da tsikar jiki. Sai ta yi a'uzubillahi, ta tsawata wa kanta, ta ci gaba da murza masa ƙafa.

Ta san abin da ake faɗa. Goggo, uwar mijin Mero, ta daɗe tana cewa da cikin Mani surukarta ta je wanki rafi da tsakar rana, mutanen ruwa suka musanya mata. A yankin nan akwai yadda tsofaffi ke gane irin wannan yaro, ko da yake ba a gaban liman ake zancensa ba. Akan kai shi bakin rafi rana tsaka, a ajiye shi a kan farin ƙyalle da ƙwai da nono, a koma nesa a laɓe. In ya tsaya inda yake, ɗan mutum ne, a ɗauko shi. In ya nufi ruwa, to ya gane gida, sai a juya a tafi, kuma kada wanda ya waiwaya. Zulaihatu ta sha jin wannan, amma ta ɗauka ya wuce tare da zamanin sulalla. Ga rediyo a kowane zaure, ga makarantar boko kyauta, wa zai tsaya yin haka?

Wata Litinin a ƙarshen damina Mero ta kawo Mani an yi masa aski tas. Da aka gama, maimakon ta goya shi ta wuce, sai ta tsaya tana murza bakin mayafi.

"Yaya," ta ce, "yanzu in aka aje shi, shina iya zuwa wurin ruwa da kanshi?"

Zulaihatu ta yi dariya, ƙirjinta cike da alfahari. "Ke dai bari. Ko daga nan zuwa bakin titi kika aje tasa, sai ya je. Babu mai riƙe shi."

Mero ta dube ta, ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta sunkuya ta goya ɗanta. Ko sai gobe ba ta ce ba.

Talata hantsi ya ɗaga babu Mero. Zulaihatu ta cika tasa ta ajiye, ruwan ya yi ɗumi, babu mai shi. Ta tambayi Adama, maƙwabciyar su Mero da ke kawo 'yarta, ko lafiya. Adama ta kau da kai.

"Ai yau za a maida shi. Goggo ta ce a yi tun cikin nan bai isa haihuwa ba, kada su ɗauke na biyun."

Sai a lokacin tambayar jiya ta faɗo wa Zulaihatu. Wata huɗu da suka wuce, da an ajiye Mani a bakin rafi, da nan zai kwanta har la'asar, a ɗauko shi a ce ɗan mutum ne. Ita ce da hannunta, taki bayan taki, ta koya masa abu ɗaya tak a duniya, shi ne ya ga ruwa ya nufe shi. Ta zubar da takalmanta a baranda ta zura da gudu.

Ta ratsa gonakin auduga, ta faɗa cikin dawa da ta fi mutum tsawo. Rana ta take tsaka. Babu manomi ko ɗaya, babu kukan tsuntsu, ko iska ba ta kaɗa ganye, sai ƙarar numfashinta. A 'yar siririyar hanyar da ke gangarawa rafi ta ci karo da su, su uku a jere: Goggo a gaba, Malam Sha'ibu uban yaron a tsakiya, Mero a baya da zanen goyo rataye a hannu. Tafiya suke a hankali, wuyan kowa a sandare kamar masu ɗauke da ƙwarya cike. Ta yi sallama, babu wanda ya amsa.

"Ina Mani?"

Goggo ba ta tsaya ba. "Ya tahi da kanshi. Mun gani da idonmu."

Zulaihatu ta bangaje dawa ta wuce su. A gindin giyayya ta tarar da farin ƙyallen, da ƙwai uku, da ƙwaryar nono da ƙudaje ba su ko taɓa ba. Daga bakin ƙyallen wata doguwar sheda ta miƙe a kan yashi, santsi a tsakiya, ramukan gwiwar hannu dama da hagu. Ta bi ta da ido har inda ta shige ruwa.

Mani na ciki, ruwa iya ƙirjinsa. Zaune yake.

Babu rami, babu tsumma, babu hannun kowa a bayansa. Gadon bayansa a miƙe, kansa tsaye cak a kan wuya, abin da ta yi wata huɗu tana roƙon Allah ta gani. Yana tafa saman ruwa da hannu biyu, yana wannan sautin nasa, ya ƙura ido can tsakiya inda ruwan ya yi baƙi yana juyawa. Fuskarsa kuwa a sake, irin ta yaron da ya hango wanda ya sani.

Zulaihatu ta tsaya a bakin ruwan. Ta san ruwan ne ya tallafe shi, domin ko tulu cike ba ya nauyi a cikin ruwa, ta gaya wa kanta haka har sau biyu. Duk da haka tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, har zuciyarta ta ce mata ko Goggo ce ke da gaskiya, ko ita ma ta juya. Wannan tunani ta yi shi, kuma ba ta taɓa yafe wa kanta ba.

Yashin da ke ƙarƙashinsa ya zame. Ya karkata gaba, haɓarsa ta taɓa ruwa. Zulaihatu ta yi bisimilla ta afka, ta cafko shi ta hammata. Wani abu mai sanyi ya gogi ƙwaurinta ya wuce, kifi ne ko saiwa ko me, ba ta duba ba. Tana fito da shi jikinsa ya saki, kai ya faɗa baya kamar kullum. Sai ya tsandara ihu, kukan farko da ta taɓa ji daga bakinsa, yana miƙa hannu wajen rafin. Ta goya shi da mayafinta ta hau tudu.

Kai tsaye gidan su Mero ta nufa. A tsakar gida ta tarar an riga an cinna wa tabarmarsa wuta. Matan gidan na ganin abin da ke bayanta suka juya fuska ga katanga. Malam Sha'ibu ya shige turaka ya ja ƙyaure.

"Hita da abin da kika ɗauko," in ji Goggo, idonta a ƙasa. "Ba namu ba ne."

"Goggo, ki ji tsoron Allah. Ni na koya mashi! Da tasa na koya mashi bin ruwa, kowa ya gani, a tambayi Adama."

"Na ji. Kin gwada shi da alewa?"

"Na gwada."

"Ya bi?"

Zulaihatu ta girgiza kai.

"To mi ya sa sai ruwa?" Goggo ta tura sauran tabarmar cikin wuta da sanda. Muryarta babu faɗa a ciki. "Jikana ne na so ya zama, ɗiyata. Shekara uku ina jira."

Zulaihatu ta wuce ta, ta ɗaga asabarin ɗakin Mero. Mero na zaune a bakin gado ta ba ƙofa baya, hannu ɗaya a kan cikinta. Mani ya bar kuka, numfashinsa kawai ake ji a ɗakin, kuma babu shakka uwarsa ta ji shi, domin kafaɗunta sun ɗaga.

"Mero, ga ɗanki. Lafiyarsa lau. Juyo ki karɓe shi."

"In na waiwaya, na cikin nan za su ɗauka."

"Babu mai ɗaukar kowa. Yau fa ya zauna, Mero. Da kanshi, na gani."

Mero ta miƙa hannu ta laluba ƙarƙashin matashi, ta turo wani ɗan ƙulli ta bayanta ba tare da ta juyo ba. Rigunansa ne guda biyu da ƙaramin ludayi.

"In za ki ba shi koko, ki tallabe mashi haɓa da yatsa, in ba haka ba shina ƙwarewa. Kada ki kwantar da shi ta hagu, bai so." Ta mayar da hannu kan cikinta. "Kuma Yaya, don Allah, ranar kasuwa kada ki biyo da shi ta ƙofar gidan nan. In na gan shi ba zan iya ba."

Zulaihatu ta tsaya tana jiran ko za ta juyo. Ba ta juyo ba. Zulaihatu ta sunkuya ta ɗauki ƙullin, ta ƙara ɗaure goyon, ta fita da shi.