Ruwan Daɗi a Jirgin Baba

Ruwan daɗi ne ya ruɓar da jirgin mahaifinmu, kuma ƙanena Noel ne ya kawo shi.

Shekara arba'in Baba yana wanke daɓen jirginsa na kamun kifi da ruwan teku a garin Strahan, katakon bai taɓa yin laushi ba. Ya rasu ya bar mana jirgin mu biyu, sai famfon wankin ya mutu. Na ce a sayo irinsa. Noel ya ce tankin ruwan daɗi zai sa, wai gishiri na cinye masa ƙarafa.

Na ce, "Ƙarfe ana canza shi, sakarai. Gishirin nan shi ke riƙe da katakon."

Ya yi dariya. "Yaya, kai da sunanka ma da ƙyar kake rubutawa? Mai shago ya yi mini bayani."

"Mai shagon ya taɓa shiga teku?"

Na tafi birnin Hobart jinyar matata, kafin in dawo ya kafa abinsa. Kullum sai ya feshe daɓen, ƙarafa na ƙyalli, yana kallona yana fito. Ruwan kuwa yana kwanciya tsakanin katakai.

A hunturu na uku, muna tsakiyar teku ina ɗauke da kwandon kifi, daɓen ya burma da ni har cinya. Katakon ya koma kamar jiƙaƙƙen burodi. Ƙashi ya fito waje, kuma sai washegari muka kai gaɓa.

Yanzu Noel direba ne a gari, ƙafafunsa biyu ƙalau. Jirgin an farfasa shi an yi makamashi. Ni aka yanke wa ƙafar hagu daga gwiwa.