Karen Daudu Ɗan Jamus

"A fitar da karen nan tukuna, Kawu," in ji Jalaluddeen daga bakin ƙofa, yana tattare gefen rigarsa. "Mala'iku ba sa shiga ɗakin da yake."

Shekara uku bai tako gidan kawunsa Daudu ba, amma yau shi ya san hanyar mala'iku.

Daudu maƙwabcina ne a Kazaure, tsohon ma'aikacin asibitin dabbobi. Yana kwance ƙafafu a kumbure, karen na ƙarƙashin gado. A bango akwai tsohuwar kalanda mai hotunan karnukan duniya, kowanne da sunan ƙasarsa: mai tsayayyun kunnuwa na Jamus, mai murtukakkiyar fuska na Ingila, wani ɗan mitsitsi na Meziko. Shekara tara muna gardama a gabanta. Shi ya ce nasa ɗan Jamus ne, wanda ya ba shi a Babura har rantsuwa ya yi. Ni kuwa na karanta. Siririn ciki, dogayen ƙafafu, jan gashi, wannan karen Buzaye ne daga Nijar. Kullum sai na faɗa masa, don tun rasuwar matata Tasalla ba ni da wanda zan yi wa gyara.

"Malam Lawal," ya kira ni da ƙyar, "in na tafi, da jifa yaran unguwa za su kashe shi. Ka ɗauke shi."

"Ni ban taɓa ajiye kare ba."

"Ka koya. Amma ɗan Jamus ne fa, ba ya cin ɗumame."

"Jiya a gabana ya cinye na shekaranjiya."

Ya so ya yi dariya, tari ya hana shi.

Ni na ja karen waje, yana tirjewa, faratansa na kartar siminti. Na ɗaure shi a gindin darbejiya. Sai a lokacin dangi suka shiga, suka fara karatu. Daudu ya cika kafin la'asar, hannunsa na lilo a gefen gado, yana laluben abin da na cire.

A wajen zaman makoki wani ya nuna darbejiyar da haɓa.

"Malam, kai da ka yi karatu, wannan ramammen wane iri ne?"

"Ɗan Jamus ne," na ce.

Yau kwanansa huɗu a zaurena. Na ajiye masa ɗumame tun safe, ƙudaje ne kawai a kai. Ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa, yana fuskantar katangar Daudu.