Kin Sha Maganinki, Auta?

Tun yana sakandare ake kiransa Farfesa, don ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba. Sunan ya bi shi har jami'a, inda yake shekarar ƙarshe a sashen nazarin halayyar ɗan Adam. Auta kuwa 'yar gwaggonsa ce, tana aji biyu a sashen koyarwa. Shi ya kawo ta makarantar ranar farko, ya bi mata layin rajista, ya ɗaukar mata akwati har ƙofar ɗakin kwanan mata. Yaya take ce masa, ko da yake ba sa haɗuwa su rabu ba a yi tsokana irin ta taubasai ba.

Wata rana da la'asar ya same ta a kan benci bayan laburare, ya zauna ya yi tagumi.

"Dakta, malamin da ke duba ni, ya sake watso min aikin bincikena," in ji shi. "Wai raba takardun tambayoyi aikin banza ne. Ka tambayi mutum ko yana ƙyamar mai taɓin hankali, sai ya ce haba, ai ɗan uwa ne. Kowa waliyyi ne a kan takarda. Ya ce in kawo masa abin da mutane ke yi, ba abin da suke faɗa ba."

"To ni mene ne nawa a ciki?"

Ya gyara zama ya yi mata bayani. Zai raɗa wa mutum ɗaya cewa an taɓa kwantar da ita a asibitin masu taɓin hankali. Daga nan sai ya koma gefe yana lura: wa zai guje ta, wa zai sauya mata murya, wa zai tsaya. Kafin jarrabawar tsakiyar zango zai tara kowa ya ce bincike ne, a yi dariya a watse.

Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. "Wato duk faɗin makarantar nan ka rasa wanda za ka mayar mahaukaci sai ni?"

"Ai ke ba sai an sha wahala ba. An gama rabin aikin tun daga gida."

Ta daka masa littafi a kafaɗa, sannan ta ce ta yarda. Ba ta ga abin tsoro ba. Kowa ya san ta, ita ce mai ba wa 'yan ajinsu dariya in ta kwaikwayi malamai.

Su uku ne a ɗakinsu: ita, da Doguwa, da wata mai yawan shiru da ake ce wa Mai Gilashi. Doguwa ya zaɓa, domin magana ba ta kwana a cikinta. Ya kira ta gefe a bakin ƙofa, ya saukar da murya, ya raɗa mata zancen asibitin, ya roƙe ta ta riƙa sa wa ƙanwarsa ido. Ya haɗa ta da Allah kada ta faɗa wa kowa.

Washegari Auta ta nemi wuƙar da suke yanka albasa a kan taga ta rasa. Aka ce ta ɓata. Ta tafi ɗibar ruwa a famfo, layin ya dare mata kamar an ga motar asibiti, wata ma ta karɓi bokitinta ta tara mata. Ta kira Farfesa tana ƙyalƙyala dariya.

"Yaya, ka ƙara min wa'adi. Yau ko layi ban bi ba."

"Ci gaba da faɗa min komai," in ji shi. "Kada ki rage ko ɗaya."

Daɗin bai daɗe ba. Auta tana da ɗabi'ar karatu da ƙarfi tana zagaya ɗaki, tun tana firamare haka take haddacewa. Yanzu in ta fara, sai ta ga Doguwa da Mai Gilashi sun haɗa ido, ɗaya ta sulale ta fita. In ta yi dariya, an ce abin ya motsa. In ta yi shiru, an ce wannan shirun ya fi tsoro. A zauren lacca kujerun da ke gefenta suka zama ba kowa, Farfesa kuma yana can baya, ya shigo ajin da ba nasa ba, yana kallo yana rubutu. Rukunin da suke karatu tare ya sauya wurin haɗuwa ba a gaya mata ba. Ranar da ta kwaikwayi malamin lissafi kamar yadda ta saba, babu wanda ya yi dariya. Wani yaro a layin gaba ya ɗaga waya yana ɗaukarta.

Ta tare Farfesa a kan matakalar sashensu.

"Ya isa haka, Yaya. Ka tara su ka faɗa musu."

"Haba Auta, yanzu ne fa abin ya fara nuna. Kin san me na samu? Mata sun fi maza saurin gudu, amma maza sun fi..."

"Ba na barci. In na juya a kan gado sai in ji sun tashi zaune."

"Wannan ma ki bari in rubuta. Ki ƙara haƙuri kaɗan."

Da ta ga haƙurin ba shi da ranar ƙarewa, sai ta zaunar da 'yan ɗakinta da kanta. Ta faɗa musu komai daga farko: bencin bayan laburare, Dakta, binciken. Suka saurare ta har ƙarshe, suna gyaɗa kai a hankali.

"Haka ne, Auta," in ji Doguwa cikin wata murya mai laushi, irin wadda ake lallashin yaro da ita. "Mun gane. Kin sha maganinki yau?"

"Wane magani? Na ce muku ƙarya ce!"

"To, to, ƙarya ce. Kwanta ki huta."

A daidai wannan makon Farfesa ya kai wa Dakta abin da ya tara. Ofishin ƙarami ne, takardun ɗalibai jibge har kan kujerar baƙi, fanka tana juyawa da ƙyar. Dakta ya karanta shafukan farko a tsaye, sannan ya zauna ya ci gaba, abin da bai taɓa yi wa aikin Farfesa ba.

"Wannan shi ne aiki," in ji shi. Ya cire tabarau ya dube shi. "Yarinyar nan da gaske an taɓa kwantar da ita, ko? Labarin da kansa ya fita, kai kuma ka bi shi?"

Farfesa ya kawar da ido zuwa kan takardun.

"Ina tambaya ne," Dakta ya ci gaba, "don in kai ka ƙirƙira ka liƙa wa ɗaliba, ba tare da izinin kwamitin kula da bincike ba, to ba zancen faɗuwa ake ba. Kora ce. Ni ma sai an kira ni. Ka gane?"

"Da gaske ne, Dakta. Ƙanwata ce. A gidanmu aka yi jinyar."

"Allah ya ba ta lafiya. Je ka ƙarasa babi na huɗu."

Auta ba ta san an yi wannan ba. Da azahar ɗin wata Laraba ta hango shi a ɗakin cin abinci tare da abokansa, ta kamo hannun Doguwa ta ja ta har gaban teburinsa. Wurin cike yake, ƙarar cokula ta ko'ina.

"Ga shi nan. Yaya, faɗa mata. Faɗa mata da bakinka cewa bincikenka ne."

Ya ajiye cokali. Ya dube ta, ya dubi Doguwa, ya dubi mutanen da suka fara juyowa. Sai ya sauke ajiyar zuciya ya sunkuyar da kai.

"Ku yi haƙuri da ita," ya ce a hankali. "Wancan karon ma haka ya fara. Ni ta fara zargi."

Auta ta tsaya kamar an dasa ta. Hannunta ne ya riga bakinta. Ta ɗauki farantin da ke gabansa ta kifa masa a ka, ta cakumi wuyan rigarsa tana ihu, tana kiransa maƙaryaci, azzalumi, tana rantsuwa da duk abin da ta sani. Shi ko hannu bai ɗaga ba. Ya bar shinkafa tana zubo masa a fuska, yana cewa, "Kada ku ji mata ciwo, don Allah kada ku ji mata ciwo." Masu gadi biyu suka ɓamɓare ta. Wayoyi sun fi goma a sama.

Mai kula da ɗakunan kwana ta kira gida. Mama ta bar shagon ɗinkinta ta zo tare da Kawu, mahaifin Farfesa, a motarsa. Suka tarar da Auta a asibitin makaranta, zaune a bakin gado, ta rame, idanu sun faɗa, ɗankwali a hannu. Da ta ga mahaifiyarta ta miƙe da sauri.

"Mama, ke kin sani. Faɗa musu. An taɓa kwantar da ni?"

"Ba a taɓa ba," in ji Mama, ta juya ga ma'aikaciyar jinya. "'Yata ko zazzaɓi bai cika kwantar da ita ba."

Ma'aikaciyar ta yi murmushin da ta saba yi wa iyaye. "Hajiya, da yawa haka suke cewa. Ba abin kunya ba ne." Ta miƙa mata waya ta nuna mata bidiyon ɗakin cin abinci. Mama ta kalla har ƙarshe, hannunta a kan baki.

A waje, a ƙarƙashin wata bishiya, Farfesa ya durƙusa a gaban mahaifinsa da gwaggonsa. Ya ce shi bai taɓa cewa an kwantar da ita ba, ɗalibai ne suka ƙara gishiri. Shi dai ya ga ta sauya, ya roƙi ƙawarta ta kula da ita, laifinsa ke nan. Zancen bincike kuwa, ya ce, ya taɓa ba ta labarin aikinsa, ƙila shi ne ya tsaya mata a rai. Har da hawayensa.

Mama ta koma ciki ta zauna kusa da 'yarta. Auta ta sake faɗa mata komai, tana sauri, tana haɗa magana da magana, tana riƙe mata hannu da ƙarfi.

"Na ji," in ji Mama. "Ban ce ƙarya kike ba. Amma Auta, dubi yadda kika koma. Yaushe rabonki da barci?"

"Shi ya ja min!"

"To ko shi ne, so kike a kore shi a shekarar ƙarshe? Ɗan yayana? In dubi idon kawunki in ce masa me? Ki bari ƙura ta lafa."

Likitan makaranta ya tura su babban asibiti, sashen masu taɓin hankali, don a duba ta. Can likita ya tambaye ta ko tana jin mutane suna magana a kanta. Ta ce eh, kowa ma. Ya tambaya ko tana ganin wani na kusa da ita ya shirya mata makirci. Ta ce eh, ɗan kawunta. Ya rubuta. Aka kwantar da ita don ta samu barci, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi masu sa hannu rawa da nauyin harshe. Makaranta ta ba ta hutun jinya na zango guda.

Mai Gilashi ce kaɗai ta zo duba ta. Ta kawo mata littattafanta a leda, ta zauna a bakin kujera. Da za ta tafi ta ce, "Ni fa na so in yarda da ke. Amma ga shi ai an kwantar da ke ɗin."

Farfesa ya kare aikinsa a gaban malamai uku. Baƙon malamin da aka gayyato ya ce bai taɓa ganin ɗalibin digirin farko ya bi lamari kusa da kusa haka ba, ya ba da shawarar a buga shi a mujalla. Aka buga, sunan Dakta a gaba, nasa a baya.

Zangon ya wuce, Auta ba ta koma ba. Ta shirya sau ɗaya, har ta kai tasha, ta hango wasu 'yan ajinsu biyu suna jiran mota, ta juyo gida. Ta zauna a shagon Mama tana kalmasa da sa maɓalli, a kan keken da ke can ciki kusa da tarin yadi.

Bayan shekara Farfesa ya samu aiki da wata ƙungiya mai yaƙi da tsangwamar masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wata safiya ana tsakiyar aiki a shago, rediyon da ke kan kanta ya kawo muryarsa. Mai gabatarwa ta tambaye shi abin da ya ja shi wannan fage.

"Ƙanwata ce," in ji shi, muryarsa ta ɗan karye. "A gabana mutane suka guje ta. Ranar da ciwon ya tashi, ni ta fara kai wa hannu a bainar jama'a, amma ban taɓa riƙe ta da shi ba. Har gobe ina zuwa duba ta."

Wata mata da ta kawo ɗinkin 'yarta ta girgiza kai. "Allah sarki. Irin wannan ɗan uwa sai an tona." Ta dubi Mama. "Ba ɗan yayanki ba ne wannan? To ƙanwar wace ce?"

Mama ta sunkuya tana neman alli a aljihun tebur. Matar ta waiga can ciki, inda Auta ta taso da tef a wuya za ta auna yarinyar. Ta dube ta daga sama har ƙasa, ta jawo 'yarta jikinta.

"Bar shi, 'yan mata, zauna abinki," ta ce da fara'a. "Mamanki ta auna ta."