Kujerar Baba Kafinta

Ƙafar kujerar ta sake ɓallewa a hannun tela tun bai ajiye ta ƙasa ba.

"Da me ka liƙa?" in ji maƙwabcinsa Baba kafinta daga kan katifa, muryar na fita da ƙyar.

"Da ɗan ƙaramin gam ɗin nan mai kamawa nan take."

"Kai dai tsaya kan allurarka. Wannan na takalmi ne. Katako farin gam yake so."

Wata uku ke nan tsohon yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, asibiti sun sallamo shi ba sabon magani. Abu ɗaya ya roƙa, a fitar da shi ƙofar gida ya zauna a kujerarsa ya ga titi. Tela ya kawo ta roba, ya kawo ta ɗakinsa mai laushi, duk ya ƙi. Kafiyar tsohon nan ko ciwo bai rage ta ba.

Tela ya sayo farin gam, ya durƙusa a gefen katifar yana bin umarni kamar sabon shiga. Ya kankare tsohon gam sai da fuskar katako ta fito, ya shafa a ramin da bakin ƙafar, ya haɗa, ya ɗaure tam da igiya.

"Yanzu sai yaushe, Baba?"

"Gobe war haka."

Tela ya dubi 'yar tsohon da ke tsaye bakin ƙofa. Ta sunkuyar da kai. Tun safe ko ruwa ba ya wuce masa, kuma dukansu sun san abin da hakan ke nufi.

"Baba, mu fitar da kai yanzu mana. Ni zan riƙe ƙafar da hannuna."

"Shekara hamsin ban taɓa barin wani ya hau ɗanyen aiki ba. Da kaina zan fara?"

Tela ya miƙe. Ya kai kujerar rana, ya yi ta mata fifita da kwali, alhali ya san banza ce.

Washegari da hantsi kukan 'yar ya iso shagonsa, ya ɗauke ƙafa daga keken ɗinki.

Da masu ta'aziyya suka cika ƙofar gida, wani dattijo ya ja kujerar zai zauna. Tela ya riƙo hannunsa.

"Yi haƙuri, ba ta bushe ba tukuna."

Tela ya juya ta ta fuskanci titi, igiyar na ɗaure a ƙafarta, ya zauna a ƙasa kusa da ita.