Matar da ke Jikin Allo

Allon tallan yana tsaye daidai gaban tagar da nake yankan tikiti a tashar mota, titi kawai ya raba mu. Wata mata ce a jiki, sanye da mayafi shuɗi, rungume da jariri mai manyan kumatu, tana murmushi kamar ba ta taɓa sanin ɓacin rai ba. A ƙasa an rubuta da manyan haruffa: "Bayan shekara goma sha ɗaya, na rungumi nawa." Sai lambar wayar asibitin.

Matar ni ce. Shekara goma sha ɗayan ma gaskiya ce. Jaririn ne dai ba nawa ba.

Sau uku aka yi mini dashe a wannan asibiti. Ga wanda Allah ya raba shi da sanin wannan wahala, dashe shi ne a yi ta ɗirka wa mace allura har ƙwayayenta su nuna, a ciro su, a haɗa da na mijinta a ɗakin gwaji, sannan a mayar mata cikin mahaifa a ce ta je ta jira mako biyu. Na farko ya ci filin da maigidana ya saya tun yana saurayi. Na biyu ya ci gwal ɗina kaf, har da 'yan kunnen da mahaifiyata ta bar mini. Na uku ya ci motar da yake ɗaukar firij da ita, don shi mai gyaran firij ne, ya koma ɗaurawa a bayan babur. Duk ukun kuma ƙarshensu ɗaya, a bayan gida, ni kaɗai, ina kallon jini.

Bayan na ukun muka haƙura, ba don zuciya ta haƙura ba, don babu sauran abin sayarwa. Ana nan sai manajan asibitin ya kira ni a waya. Shi ba likita ba ne, wani ɗan gayu ne mai ƙamshin turare, wanda ma'aikatansa ke kira Oga Murmushi a bayan idonsa. Na je ofishinsa bayan na tashi daga aiki, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, abin da ban taɓa gani ba a duk zaryar da na yi ina biyan kuɗi.

"Hajiya, labarinki ya taɓa mu," in ji shi. "Za mu yi miki na huɗu kyauta. Allura, magani, dashe, komai."

Na ce, "A bakin me?" Wanda ya shekara tara a tashar mota ya san babu kujerar kyauta.

Ya yi dariya. Ya ce suna son allon talla ne, amma matan da aka dace a kansu ba sa yarda a nuna fuskarsu. Kowacce so take a ce haihuwarta daga Allah ce kawai, ba wanda ya san ta taɓa taka ƙofar asibiti. Ni kuma ina da fuskar da mutane za su yarda da ita.

"Jaririn fa?"

"Za a samo. Ai hoto ne kawai, Hajiya. Kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, muna samun nasara. Ki ɗauka kin riga lokaci ne da 'yan watanni."

Ya tura mini takarda. A sakin layi na ƙarshe an rubuta cewa idan na faɗa wa wani majinyaci ko ɗan jarida cewa hoton ba gaskiya ba ne, za a tsayar da aikin nan take, a kuma bi ni kuɗin duk abin da aka riga aka yi.

Maigidana na zaune a tsakar gida ya kwance injin wani firij yana gogewa lokacin da na gaya masa. Bai ɗago kai ba har na gama.

"Ƙarya ce," ya ce.

"Na sani."

"Kafin mu fara na farko har wajen malamai biyu na je, don in tabbata ba mu taka haram ba. Da suka kawo maganar a ba ki ƙwan wata mata, ke kika fara cewa a'a tun kafin in buɗe baki. Yanzu kuma wannan?"

"Wannan wa zai cuta? Hoto ne."

"Za ki gani."

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi namiji ne, yana da shekara arba'in da biyar, ko yana da saba'in zai iya haihuwa. Ni kuwa likita ta ce ƙwayayena suna ƙarewa, bana ba baɗi ba. Na ce masa tsarkin hali yana da sauƙi ga wanda ba a ƙirga masa wata. Maganar ta yi masa zafi, na ga yadda hannunsa ya tsaya a kan tsumman. Mutumin nan bai taɓa goranta mini ba ko sau ɗaya, kuma na san haka lokacin da nake faɗa. Ya ce ba zai hana ni ba, amma kada in sa shi a ciki. Washegari na sa hannu.

Jaririn ɗan mai sharar asibitin ne, na bakwai a wurinta. Ranar ɗaukar hoto ta kwanto shi daga bayanta a ɗakin da aka kafa fitilu, ta miƙo mini shi kamar mai miƙa ƙullin wanki.

"Riƙe shi da kyau, 'yar uwa, yana da tumbuɗi," ta ce. "Ni da za ki tafi da shi ma na kwana biyu da na samu barci."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ya fi ciwo. Yaron yana da nauyi da ɗumi, kansa yana ƙamshin nono. Ya kama bakin mayafina ya cusa a baki. Mai hoto yana ta cewa in yi murmushi, in kalli yaron, in kalli kyamara. Ban san lokacin da murmushin ya zo ba, amma wanda ke jikin allon nan na gaske ne, kuma shi ne abin da na fi tsana a hoton. Bayan minti arba'in uwarsa ta karɓe shi ta goya, ta ɗauki bokitinta ta koma aiki. Na yini ina jin nauyinsa a hannuna na hagu.

Da allon ya tashi, tasha ta samu abin yi. Direbobi suka sa mini suna Maman Allo. Wani mai bakin tsiya a cikinsu kullum sai ya leƙo tagar ya ce, "Maman Allo, ya ɗan namu? Har yanzu bai fara rarrafe ba? Wata biyu yana zaune wuri ɗaya!" In yi dariya in ce ya wuce ya ba mutane wuri. Yayata ta kira ni ta ce kunya ta hana ta bin wannan titin. Na ce ta bi wani, ai tituna ba su ƙare ba. Ita 'ya'yanta biyar, tana da damar jin kunya.

Waɗanda suka san ni sun san ƙarya ce, ban damu da su ba. Waɗanda ba su san ni ba kuwa ban taɓa tunaninsu ba. Na fara allurai, cikina ya yi tabo-tabo, aka ciro ƙwai shida, biyu suka kama. Likita ta nuna mini su a fuskar na'ura, ɗigo biyu, ta ce masu kyau ne, sun fi na baya. Ta sa mini ranar dashe, Talata da safe.

Ranar na isa da wuri. Maigidana ya sauke ni a ƙofa ya ce zai dawo, yana da firij ɗin wani mai kanti da ya lalace da kaya a ciki. Ɗakin jira babu kowa sai wata mata a kujerar ƙarshe, kusa da tagar biyan kuɗi da ba a buɗe ba tukuna. Ta girme ni sosai. Ƙafafunta duk ƙura, ta rungume jakarta a ƙirji da hannu biyu. Tun da na zauna take kallona, can sai ta taso ta dawo kusa da ni.

"Don Allah ƙanwata, ba ke ce a jikin allon tasha ba?"

Na ce ni ce.

"Allahu akbar!" Ta kama hannuna da tafinta mai kaushi. "Wallahi saboda ke na zo."

Ban tambaye ta ba, ita ta yi ta zubo labari. Daga nesa take, tafiyar awa shida. Shekararta arba'in da bakwai, ashirin da huɗu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Likitan garinsu ya gaya mata gaskiya cewa ta haƙura, shekaru sun ja, ko dashe aka yi da wuya a dace. Ta haƙura ɗin. Sai watan jiya ta zo duba wata 'yar uwarta, ta sauka a tasharmu, ta ɗaga kai ta gan ni.

"Na tsaya a bakin titi ina kuka kamar yarinya," ta ce. "Na ce wannan fuskar ba ta ƙarya ba ce. Wannan ta sha irin abin da na sha."

Tana da injin niƙa guda biyu, da su take ci, da su take riƙe mahaifinta da ya makance. Ta sayar da su duka, ta haɗa da rabonta na gidan gado. Mijinta bai sani ba, ya ɗauka ganin likitan ido ta zo. Jiya Oga Murmushi ya gan ta, ya ce shekaru ba komai ba ne a wurinsu, ta kawo kuɗin yau a fara.

"Suna nan," ta ce, ta ɗan bubbuga jakar. "Jira nake a buɗe."

Ni na zauna da likitoci fiye da yadda na zauna da dangina. Na san abin da ake cewa game da mace mai shekara arba'in da bakwai da ƙwanta. Na san likitan garinsu ne ya gaya mata gaskiya, kuma shi bai karɓi ko sisinta ba. Kalma huɗu kawai take bukata daga bakina: yaron ba nawa ba. Da na faɗa, da ta tashi ta koma tasha, wataƙila ma wanda ya sayi injin ya yarda ya mayar mata da ɗaya.

Amma a bayan bangon da muke jingine, a cikin wani akwati mai ɗumi, akwai ɗigo biyu da likita ta ce sun fi na baya. Matar nan ba mai rufe baki ba ce. Da ta ji, da ta tayar da asibitin da kururuwa, kuma kafin a kira sunana takardar da na sa wa hannu ta iso teburin likita.

"Namiji ne ko?" ta tambaya.

Na ce, "Namiji ne."

"Ina yake yau?"

"Yana gida wurin babansa."

Muryata ko rawa ba ta yi ba. Na tsani kaina a lokacin, kuma ban fasa ba.

"Yanzu ƙani kika zo nema masa kenan." Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ka ji masu rabo! Ƙanwata, gaya mini tsakaninki da Allah, suna da kyau mutanen nan? In biya?"

Aka zuge labulen tagar biyan kuɗi. Mai karɓar kuɗin ta zauna tana gyara tabarau. A ɗaya ƙofar kuma nas ta leƙo da fayil a hannu, ta yafito ni.

Na ce, "Suna ƙoƙari, Yaya. Sauran na Allah ne."

"Shi ke nan, hankalina ya kwanta."

Ta buɗe jakar ta ciro wani ƙunshi a baƙar leda, an ɗaure shi da igiyar roba. Na miƙe zan bi nas, sai ta riƙo gefen mayafina. Ta zare takardar kuɗi ɗaya daga cikin ƙunshin, ta naɗe ta, ta cusa mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Ki saya wa ɗana wani abu," ta ce. "Ki ce in ji gwaggonsa. Allah ya raya mana shi."

Na ce amin. Na karɓa.

A ɗakin dashe likita ta ce in kwanta in saki jikina, in yi duk addu'ar da na saba. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Nas ta zo za ta ɗaura mini abin awon jini, ta taɓa hannuna na dama.

"Hajiya, buɗe hannun mana. Me kika damƙe haka?"

Na ce ta ɗaura a na hagu.