Buntun Agwagwar Sukerti

Tun kakan kakanta, gidan su Luh Sukerti ne ke kai betutu haikalin ƙauye ranar biki: agwagwa mai yaji, a naɗe da ganyen ayaba, a binne cikin buntun shinkafa mai cin wuta a hankali. Da mahaifinta ya rasu, dattawan unguwa suka ce a riƙa sayowa daga kantin gari, wadda ake dafawa a tukunyar gas. Haka suke, kome aka ƙwace musu sai su ce zamani ne.

"Ni zan yi," in ji Sukerti. Ba ta daɗe da gama jami'a ba.

Baffanta Rauh ya yi dariya. "Ke 'yar boko, da wane buntun? Mai injin casar shinkafa ya sayar wa masu ƙona tubali duka. Alloli ma ba sa tambayar murhu."

"Su suka faɗa maka, Baffa, ko ƙiwarka ce?"

"Ji bakinta! To, in jibi ba mu ga hayaƙi a gidanku ba, an bar wa kanti har abada."

Ta je injin, ko cikin tafi ba ta samu ba. Ta dawo ta hau rumbun kakarta, ta sauko da damman shinkafar bara, ta jawo dogon turmin da kaji suka mayar wurin kwana. Ta hau sussuka ita kaɗai. Kafin rana ta take, tafin hannunta ya yi bororo, buntun bai cika ƙwarya ba.

Amma a ƙauyen, mace ba ta jin taɓarya ta zauna. Kaka ce ta fara fitowa.

"Wannan daka ne ko rarrashi? Matsa, 'yar nan."

Sai maƙwabta, kowace da taɓaryar da ta kakkaɓe wa ƙura. Lugude ya tashi har bakin kasuwa.

Washegari Sukerti ta murje agwagwar da kurkum, citta, tafarnuwa da barkono, ta cusa mata ganyen rogo, ta naɗe, ta binne, ta kunna.

Rauh ya leƙo ta katanga, ya daɗe yana kallon hayaƙin.

"Kin cika buntu ta gabas, wuta za ta shaƙe."

"Ga cebur nan, Baffa."

Ya yi tsaki, ya ɗaure zanensa, ya shigo.