Naƙudar Ranar Litinin

Manu dillalin shanu ne a Anacha, kuma a faɗarsa babu wata halitta mai ciki da zai kalla ya kasa faɗin watanninta. In tirela ta sauke kaya daga Arewa, yakan zagaya saniya, ya dafa ƙugunta, ya ce wannan ta kusa haihuwa, kada a kai ta mayanka. Wani lokaci a dace. In ba a dace ba, laifin saniyar ne. Wannan ilimin ne ya kwaso ya kawo gida, ya sauke shi a kan matarsa Sharifa, wadda ke ɗauke da cikinta na uku.

Ciki da falo suke haya a wani dogon gida bayan Kasuwar Ochanja, irin mai ɗakuna suna kallon juna, inda in ka yi atishawa maƙwabci zai yi maka addu'a. Yaransu biyu. Aslam, babban, a garin aka haife shi, bakinsa ya fi sabawa da Turancin Broka da yaren Ibo, Hausa kuwa sai in yana son wani abu a wurin ubansa. Zuliha ba a daɗe da yaye ta ba, kuma ba ta yafe ba.

Kullum da safe in Manu zai fita, yakan dubi Sharifa ya ce ita kam ta more, tana gida cikin inuwa tana hutawa, shi yana can rana na gasa shi. Hutun nata yakan fara ne tun kafin gari ya waye, a layin famfo, da bokiti a hannu da Zuliha rataye a zaninta. Daga nan ta huta a kan wanki, ta huta a gaban risho, ta huta wajen ciro ƙwayar wake daga hancin Aslam. Ƙafafunta sun kumbura har silifas ya daina shiga. Ba ta cika mayar masa da magana ba, sai dai ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Da ta je awo na ƙarshe, nas ta ce kan yaro ya sauko, ta haɗa kayanta, a kowane lokaci abin zai iya zuwa. Ta dawo ta gaya wa Manu, ta kuma roƙe shi ya kira Goggo Bashira, ƙanwar mahaifinta da ke zaune a Inugu, wadda ta yi alkawarin zuwa zaman jego. Manu ya sa ta ta miƙe tsaye, ya kalle ta ta gaba, ya kalle ta ta gefe, ya girgiza kai. Ya ce su ma'aikatan asibiti da na'ura suke gani, shi kuwa da ido, kuma ido ya girmi na'ura. Saura wata guda cur. Sannan namiji ne, don cikin ya yi tsini. Maganar Goggo kuwa a dakata, ɗakin bai isa mutum ya zo ya yi wata yana jiran abin da bai zo ba.

Sharifa ta ce to. Bayan ya fita ta jawo tsofaffin kayan jarirtar Zuliha, ta wanke, ta cusa a jaka, ta tura ƙarƙashin gado.

A Anacha, a shekarun nan, Litinin ba ranar fita ba ce. Kasuwa a rufe, titi fayau, kowa na tsoron samarin da ke hukunta wanda ya fito da abin hawa. Don haka ita ce ranar da Manu ke wuni a gida, kuma yakan kira ta ranar taimaka wa iyali. Taimakon shi ne ya shimfiɗa tabarma a tsakiyar falo, ya kwanta da rediyo a ƙirji, in yara sun yi ƙara ya sanar da uwarsu cewa suna ƙara.

Ran wata Litinin ɗin, da hantsi, Sharifa ta ce masa bayanta na tsinkewa, mararta kuma na ɗaurewa tana saki. Ya ɗaga kai daga tabarma, ya yi mata kallon masana, ya ce waken jiya ne, ta jiƙa kanwa ta sha. Ta koma kan wankinta. Tana cikin shanya a tsakar gida ruwa ya ɓalle mata. Aslam, da ke gefe yana tuƙa murfin tukunya, ya tsaya ya duba, sannan ya bi ɗakunan gidan ɗaya bayan ɗaya yana shelar cewa Umma ta yi fitsari a zani.

Wadda ta fara fitowa ita ce Christy, maƙwabciyarsu ta ɗakin da ke kallon nasu, 'yar Kudancin Kaduna mai sayar da abinci a Ochanja, wadda ake kira Maman Linda. Kallo ɗaya ta yi wa Sharifa ta ajiye ludayin hannunta. Ta leƙa falo ta ce wa Manu ya tashi, haihuwa ta zo. Manu ya fara yi mata bayanin yadda ake gane ciki, ta ce ya ajiye bayanin ya yi wa jaririn in ya fito.

Mijin Christy direban keke napep ne, sunansa Monday, kuma duk gidan babu wanda ya kai shi tsoron Litinin. Da aka ce ya fito da keken, ya rantse da kabarin ubansa ba zai fito ba. Ya ce keken ba nasa ba ne, kuma kwanan baya an ƙone na wani abokinsa a kan titi, mai keken da ya zo neman kuɗinsa bai tambayi ko mace ce ke naƙuda a ciki ba. Christy ta zazzage masa duk abin da ke bakinta, da Hausa da yarensu, amma gaskiya ce da shi kuma ita ma ta sani. Manu ya ciro waya ya kira mutum uku masu mota. Duka ukun suka yi masa fatan Allah ya raba lafiya.

Akwai wani ƙaramin gidan haihuwa can cikin unguwa, na wata tsohuwar nas da ke zaune a saman benen gidan, wadda ba ruwanta da ranar mako. Ta lungu ana iya zuwa, amma Sharifa ba ta iya taku biyar ba ta durƙusa ba. Christy ta waiga, idonta ya sauka a kan baron wani ɗan dako da ke haya a ɗakin ƙarshe, irin wanda ake tura buhunan shinkafa da shi a babbar kasuwa. Kafin Manu ya gama cewa hakan bai dace da mutuncinsa ba, an shimfiɗa katifar yara a ciki, an zaunar da Sharifa, an lulluɓa mata mayafi. Mai baron baƙon namiji ne, ba zai tura matar wani ba, Monday kuma ya ce shi zai yi gaba yana duba hanya. Hannun baro ya rage wa Manu.

Haka suka fita. Christy ta goya Zuliha, ta rungumi jakar da aka ciro daga ƙarƙashin gado, Aslam na biye yana yi musu hon da baki. Manu, mutumin da ke sa yara su juya masa bijimi da sanda yana tsaye a gefe da hannu a aljihu, ya gano cewa baro yana da ra'ayinsa. In ya nufi dama ya yi hagu. Duk ramin da ke lungun sai da tayar ta gaisa da shi. Gumi ya jiƙa masa riga, numfashinsa ya fi na mai naƙudar fita.

Da suka faɗa wani rami har Sharifa ta kusa zamowa, sai ta yaye mayafin, ta dube shi. A shekarunsu tare bai taɓa ganin wannan kallon ba.

"Abban Zuliha, tura a hankali," ta ce. "Ai ba sauri muke ba. Saura wata guda."

Ya ci gaba da turi. Christy ta juya fuska gefe, kafaɗunta na rawa don dariya.

A bakin wata mahaɗa suka tarar da samari zaune kan benci suna buga dara. Monday, mai duba hanya, ya riga ya duba ta da kyau har ya ɓace bayan wani kiyos. Samarin suka miƙe. Manu ya tsaya, duk yaren Ibon da ya koya na ciniki ne, babu kalmar da ta dace da wurin. Aslam ne ya yi gaba ya gaya musu da yarensu cewa ummansa za ta haifi jariri kuma ta yi fitsari. Ɗayansu ya leƙa baron, ya kira Yesu, ya yi wa sauran magana. Suka kama baron ta kowane gefe, suka ɗaga shi cak suka tsallakar da shi babbar kwatar da ke gaba, wani ya ruga ya buga wa nas ƙofa. Bayan an wuce Monday ya fito ya ce dama ya san yaran, ba su da matsala.

Nas ta karɓi Sharifa, ta duba ta, ta fito ta tambayi wane ne mijin. Manu ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. Ta tambaye shi ko jira yake a haihu a kan titi. Ya ce hanya ce ba kyau. Christy ta kwance Zuliha ta dire masa a cinya, ta shige ciki, aka rufe ƙofa.

A kan bencin barandar nan Manu ya ɗanɗani hutun da yake yi wa matarsa hassada. Zuliha ta dube shi, ta dubi ƙofar da aka rufe, ta buɗe baki. Ya jijjiga ta, ya yi mata kukan saniya, ya ba ta makullinsa, ta jefar a kwata. Aslam ya ce yana jin ƙishirwa, aka samo ruwa, ya ce ba ƙishirwa ba ce yunwa ce, kuma ta ina jaririn zai fito. Babu shago ko ɗaya a buɗe. Can Zuliha ta yi shiru, fuskarta ta yi ja, Manu ya gode wa Allah, sai ya ji ɗumi a cinyarsa. Famfas ɗin yana cikin jaka, jakar tana ɗakin haihuwa. Ya tambayi Monday yadda ake yi, Monday ya ce shi ma Christy ce ke yi, bai taɓa gani ba. A ƙarshe da hankicinsa da ruwan butar nas aka yi aikin, yarinyar na harbi, Aslam na ba da umarni, don shi ya san yadda Umma ke yi.

Daga ciki yana jin muryar Sharifa tana salati, tana yankewa, tana dawowa. Haihuwa biyun farko yana kara, kasuwar shanu, aka yi su, waya kawai aka yi masa ya zo ya yi huɗuba. Bai taɓa jin wannan sautin ba. Ya zauna da yarinya a kafaɗa, wandonsa a jiƙe, yana karanta duk abin da ya zo bakinsa, har da addu'ar shiga kasuwa.

Bayan azahar aka ji kukan jariri. Christy ta leƙo, fuskarta sharkaf da gumi, ta ce an sauka lafiya, mace ce, uwa da 'ya kalau. Manu ya yi hamdala da gaske. Da aka bar shi ya shiga, ya tsaya a bakin gado bai san inda zai sa hannunsa ba, ya ce mata sannu, ya sake cewa sannu. Sharifa ta amsa, ta dubi wandonsa, ta tambaye shi ko yaran sun ci abinci. Ya ce ana kan shiri.

A wannan yammacin ya kira Goggo Bashira. Ta ce ba za ta samu tasowa ba sai ta sallami wasu baƙi, kuma da an gaya mata da wuri da tuni tana nan. Ya ce ai haihuwa ba ta sallama. Washegari aka dawo da mai jego gida, a keken Monday wannan karon, da umarnin nas cewa kada ta ɗaga ko da buta. Christy ta dafa ruwan wanka da kunu, amma ita ma tana da tukunyarta a kasuwa da yaranta. A kara kuwa labari ya riga ya isa, ta bakin Manu: yadda ya ratsa garin Anacha ranar Litinin, ya fuskanci samari ido da ido. Baron bai fito a labarin ba.

Kafin Goggo ta iso, tsummokaran jaririya, wadda za a raɗa wa suna Mansura, suka taru a bayan ƙofa tare da kayan Zuliha. Wata safiya Manu ya ɗebo ruwa da kansa, yana waige-waige, ya shige falo ya tura ƙofa ya sa sakata. Sharifa na kwance a ciki tana shayarwa, tana jin sautin cuɗar wanki. Sai dai ƙasan falon a karkace yake, kuma ruwa bai san sirri ba. Ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya malala tsakar gida, fari fat da kumfa.

Christy ta fito da kwandon kasuwa a ka, ta tsallake ruwan, ta tsaya.

"Baban Aslam, sannu da aiki."

Sautin cuɗa ya tsaya. Sannan daga ciki Manu ya ce, "Alwala nake yi."

"To, Allah ya karɓa," in ji Christy. "In ka idar, ka sa musu ruwan zafi a ɗauraya ta ƙarshe, omo na cin fatar jariri."

Ta wuce. Zuwa can aka ji an zare sakata a hankali, Manu ya leƙo, hannuwansa duk kumfa har gwiwa, ya tambayi Aslam ko ya san inda ake ajiye ashana.